Tocilar Aljihu da Tocilar Sintiri: Haske Nawa Ne Ya Ishe Ka?



Yau maganar tocila za mu yi. E, tocila dai da kuka sani. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka yi wa matasa katutu a rasa abin tattaunawa sai tocila? To ɗan dakata, ka lissafa mini waɗanda suke waje bayan ƙarfe goma na dare a garinku. Akwai samarin unguwa da suke sintiri saboda masu ƙwacen waya da masu haura katanga. Akwai maigadin makaranta da na kasuwa. Akwai ma'aikaciyar jinya da take kwana a asibitin da janareto ba ya kai asuba. Akwai manomin rani mai ban ruwa da daddare, da ɗaliba mai komawa ɗakin kwana daga wajen karatu. Duk waɗannan, abin da ya raba su da duhu shi ne 'yar wannan aba da ke hannunsu.

Kuma kun san yadda ake yi a unguwanninmu. A bi gida-gida a tara kuɗi, wannan ya ba da ɗari biyar, wancan ya ba da dubu, a damƙa wa mutum biyu a ce su je kasuwa su sayo wa 'yan sintiri kayan aiki. Su isa shago, mai kaya ya ɗauko kwali an rubuta lumen 100,000 a jiki, ya haska bango ya ce "kun ga wuta ko?" A biya. Da magariba kowa na yabo. Kafin ƙarfe ɗayan dare hasken ya koma kamar na aci-balbal. Kuɗin talakawa ya tafi, yaran da aka tura kuma suna tsaye a bakin lungu ba sa iya bambance maƙwabci da baƙo. A irin wannan duhun ne ake yi wa wanda ya fito sayen magani ihun ɓarawo. To shi ya sa muka ɗauko batun.

Bari mu fara da kalmomi uku da za ku gani a jikin kwali: lumen, kandela, da luks. Ku tuna mai wankin mota da tiyonsa. Yawan ruwan da ke fitowa daga tiyon, shi ne lumen, wato jimillar hasken da tocila take fitarwa ta kowane ɓangare. Idan ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan bai ƙaru ba, amma ya tattaru ya yi tsiri ya tafi nesa. Wannan ƙarfin tsirin shi ne kandela. Luks kuma shi ne yawan ruwan da ya sauka a kan wurin da ake wankewa, wato hasken da ya isa jikin abin da kake kallo. Saboda haka tocila biyu za su iya zama lumen 1,000 kowacce, ɗaya ta cika tsakar gida da haske amma ba ta wuce ƙofar gida ba, ɗaya kuma ta nuna maka mutum a ƙarshen layi amma ba ka ganin ramin da ke gefen ƙafarka.

Don mu san abin da lambobin nan suke nufi, ga ma'auni. Kyandir ɗaya yana ba da kusan lumen 12. Tocilar bayan wayarka ba ta cika wuce lumen 50 ba. Tsohon ƙwan lantarkin nan mai wat 60, mai zafi, kusan lumen 800 ne. Ƙwan fitilar gaban mota guda ɗaya, irin na halojin, yana tsakanin lumen 1,000 da 1,500. Ka riƙe wannan na ƙarshe da kyau. Duk wanda ya ce maka tocilar da ke tafin hannunsa lumen 100,000 ce, yana ce maka ne ta fi fitilun motoci talatin haske in aka haɗa su wuri ɗaya.

Mu yi lissafin tare, ba shi da wuya. Yawancin tocilolin caji masu kyau suna amfani da batirin da ake kira 18650. Sunan ma awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Mafi kyawunsa na gaskiya yana ɗaukar kusan mAh 3,500. In ka ninka da ƙarfinsa na bolt 3.6, za ka samu wutar da za ta riƙe abu mai cin wat 12 da ɗoriya na tsawon awa ɗaya. Shi kuma ƙwan LED, idan ana tura shi da ƙarfi a cikin tocila, wat ɗaya yana ba da lumen wajen 100. Kenan lumen 100,000 yana buƙatar wat 1,000. Wutar dutsen guga fa kenan! Ko da batirin zai iya fitar da ita, wanda ba zai iya ba, ba zai kai minti ɗaya ba ya mutu. Akwai tocila mai lumen 100,000 ta gaskiya a duniya, kamfanin Imalent ya yi wata mai suna MS18. Amma ƙwan LED 18 ne a kanta, manyan batura 8 a cikinta, har da fanka mai sanyaya ta, nauyinta kusan kilo 2, kuɗinta ɗaruruwan daloli. Ita ma ɗin ba ta daɗewa a wannan matakin take sauka. To ka kwatanta da wadda ake miƙo maka a bakin titi.

Haka abin yake ga batir. Ka ga 18650 an rubuta mAh 9,800 ko 9,900 a jiki, ka ajiye. Babu shi. Na gaskiya nauyinsa wajen giram 45 ne, na jabu kuwa in ka ɗaga sai ka ji shi sakayau. Wasu ma tsofaffin batura ne da aka ɓalle daga batirin laftof aka sake musu riga.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga mai aikin dare, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Ko kamfanonin kirki, lambar da suke bugawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali ta matakin ƙurewa ce, wanda galibi suke rubuta wa Turbo. Ƙaramar tocila ba ta iya zama a nan. Zafi yana taruwa, sai na'urar da ke ciki ta rage hasken da kanta bayan minti ɗaya zuwa uku don kada ƙwan ya ƙone. Tocilar da aka ce 2,000 ce za ka iske hasken da take iya riƙewa na awanni bai wuce 500 ko 600 ba. Mu kuma a nan, inda zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri, har dare bango na huci, saukar tana zuwa da wuri.

Akwai ƙa'idar gwaji da aka fitar a Amurka a 2009, ana kiranta ANSI FL1, za ka ga alamarta a kwalin kamfanoni da yawa. Abu ne mai kyau, domin ta sa kowa yana awo da mudu ɗaya. Amma ka san yadda take auna abubuwa. Tsawon lokacin aiki, ana ƙirga shi ne har sai hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Wato in an rubuta lumen 1,000 na awa 4, ba a ce za ka samu 1,000 har awa huɗu ba. An ce ne bayan awa huɗu ya koma 100. Nisan haske kuma ana ƙirga shi zuwa inda hasken da ya isa ya rage luks 0.25, kwatankwacin farin wata na daren sha huɗu a fili. A farin wata za ka ga alamar mutum, amma ba za ka san ko waya ce a hannunsa ko wuƙa ba.

To ga dabarar da nake ba da shawara. Nisan da aka rubuta a kwali, raba shi biyu, nan ne za ka tabbatar mutum ne ba kututture ba. Raba shi huɗu, nan ne za ka ga abin da yake yi. Misali, tocila mai kandela 10,000 za a rubuta mata mita 200. A aikace, mita 50 ne za ta yi maka aiki sosai, rabin filin ƙwallo kenan. Mai kandela 40,000 za a rubuta mata mita 400, ita ce za ta nuna maka abu da kyau daga wannan raga zuwa waccan. Kun lura? Don nisa ya ninka biyu, sai da kandela ta ninka huɗu. Haka haske yake, in ka ninka tazara biyu, abin da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Idon ɗan Adam ma haka yake. Kafin ka ji a idonka cewa haske ya ninka biyu, sai an ninka lumen kusan sau huɗu. Shi ya sa bambancin 1,000 da 1,300 da ƙyar za ka gane shi, amma batirinka zai gane, aljihunka ma zai gane. Kada ka ƙara kuɗi a kan wannan.

Kuma kada mu manta daga ina aka taso. An yi wa tocila rajistar ƙirƙira a Amurka a 1899, da sunan wani Baturen Ingila David Misell. Baturan lokacin ba su da ƙarfi, sai dai a kunna a kashe, a kunna a kashe. A 1979 aka fito da Maglite, doguwar tocilar ƙarfen nan da kuke gani a hannun 'yan sandan Amurka a tsofaffin finafinai. Mai ƙwan da, wadda take cin manyan batura uku, ba ta kai lumen 100 ba, kuma da ita suka yi shekaru suna aiki. Abin da ya sauya komai shi ne shuɗin ƙwan LED da masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar, har aka ba su kyautar Nobel a 2014, domin daga shi aka samu farin LED. Abin da nake so ku ɗauka a nan: lumen 300 na gaskiya haske ne mai yawa. Ƙaryar kwali ce ta sa muke raina shi.

Yauwa, mu zo kan tocilar aljihu, wadda za ka riƙa yawo da ita kullum. Me kake yi da ita? Neman makulli, duba mita, shiga banɗaki an ɗauke wuta, taka hanya daga bakin titi zuwa gida, leƙa injin babur. Kusan duka a cikin mita 10 zuwa 20 ne. Saboda haka abin da kake nema shi ne haske mai faɗi da matakai uku. Na ƙasa, lumen 1 zuwa 5, na cikin ɗaki, wanda za ki duba jariri ko ki nemo magani ba ki tashi kowa ba, kuma yana iya yin kwanaki a caji ɗaya. Na tsakiya, lumen 50 zuwa 150, shi ne na tafiya, a nan tocilar za ta yi yawancin rayuwarta. Na sama, 300 zuwa 600, don in ka ji motsi a can gaba ka haska ka gani. In tana da fiye da haka, to madalla, amma ba shi ne abin dubawa ba.

Abin dubawa shi ne girma. Tocilar da ta yi maka nauyi a aljihun kaftani, ko ta cika miki jaka, gida za a bar ta, kuma tocilar da ke kan durowa ba ta da amfani a lungu. Mai batirin AA ɗaya, ko 'yar ƙarama mai caji da wayar Type-C, ta wadatar.

Wani zai ce ai ina da waya. Gaskiya ne, wayar tana fitar da kai a cikin ɗaki. Amma haskenta a baje yake, ba shi da madubin da zai tattara shi, bayan 'yan taku ya watse. Na biyu, kana ƙona cajin da za ka kira taimako da shi. Na uku, a garuruwan da ake fama da ƙwacen waya, ɗaga waya tana haske a lungu cikin dare talla ce. Ƙaramar tocila a hannu, waya a aljihu.

Ga 'yan uwanmu na karkara kuma maganar ta fi haka nauyi. Ku tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin masu saran maciji yake. Kububuwa da dare take yawo, launinta kuma ya saje da ƙasa. Cikin shawarwarin da ma'aikatan lafiya suke bayarwa kullum akwai sa takalmi mai rufi da riƙe tocila da daddare. Wannan ba ya buƙatar lumen 2,000. Lumen 100 mai faɗi, a haska ƙasa taku uku zuwa biyar a gaba, ya isa.

To, sai tocilar aiki. A nan tambayar farko ita ce awa nawa ne aikin. Mai sintiri daga goman dare zuwa biyar na asuba awa 7 yake yi. Mu koma lissafinmu. Batirin 18650 mai kyau, a lumen 1,000, awa ɗaya da 'yan mintuna ne. A lumen 300, wajen awa 4. A lumen 100, ya wuce awa 12. Kun ga amsar ta fito da kanta. Ba wanda yake sintiri da lumen 1,000 a kunne dare guda. Ana tafiya ne a 100 zuwa 300, a ajiye babban hasken don daƙiƙun da ake buƙatarsa.

Saboda haka ga abin da kwamitin unguwa zai nema. Tocilar da za ta riƙe lumen 300 zuwa 500 na awanni ba tare da ta dusashe ba. Matakin sama na 1,000 zuwa 2,000 wanda ake samu da dannawa ɗaya. Batir mai cirewa, 18650 ko babban yayansa 21700 mai ɗaukar kusan mAh 5,000, tare da na ajiya ɗaya ga kowane mutum. Ku tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki. Tocilar da batirinta yake manne a ciki, in ta mutu sai a jira layin caji. Mai cirewa kuwa, a zare a sa wani a ci gaba da aiki.

Sai kandela, ita kuma wurin aikin ne yake yanke hukunci. Cikin lungunan tsohon gari, inda bango ke dama da hagu kuma ba ka ganin abin da ya wuce mita 30, haske mai tsiri cutar ka zai yi. Ka haska farin bango kusa, ya dawo ya kashe maka ido. A nan kandela 5,000 zuwa 15,000 da haske mai faɗi ya fi. Maigadin makaranta mai babban fili, ko ma'ajiyar kaya, ko gona, ko garke, shi yake buƙatar 30,000 zuwa sama. In ƙungiya ce ta mutum biyar, babu dalilin saya wa kowa iri ɗaya. Huɗu su riƙe masu faɗi, ɗaya ya riƙe mai dogon zango. Kuɗin ma ya ragu.

Makunni ma abin dubawa ne. Akwai tocilolin da sai ka bi ta mataki biyar, har da mai walƙiya da mai kiran agaji, kafin ka kashe su. A lokacin tsoro hannu na rawa, ba mai tuna dannawa nawa zai yi. Nemi mai makunni a gindi, inda babban yatsa yake samunsa ko a duhu, ka danna ta kawo, ka saki ta mutu. Su kuma masu zuƙowar nan da ake ja da turawa, suna da ban sha'awa a shago, amma idan ka zuƙo, haske mai yawa yana maƙalewa a cikin kan tocilar, kuma wannan ja da turawar yana shigar da ƙura da damshi.

Ku duba alamar ruwa. IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. IPX7 tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Mai kwana a waje da damina, IPX7 zuwa sama ya kamace shi.

Launin haske kuma, ba ado ba ne. Farin nan mai ratsin shuɗi, da ake rubuta wa 6500K, yana yi wa ido kamar ya fi ƙarfi. Amma da hunturu in hazo ya sauko, ƙurar da ke iska tana dawo maka da hasken, sai ka ga kamar an rataya farin labule a gabanka, kuma ƙara haske ƙara labulen ne. Mai 4000K zuwa 5000K, wanda ya ɗan karkata ga ruwan ɗorawa, ya fi sauƙi a ido. In hazon ya yi yawa, ka rage mataki, ka sauke tocilar zuwa wajen ƙugu, nesa da layin idonka. Za ka ga bambanci nan take.

Ma'aikatan lafiya, naku daban ne. Duba ƙwayar ido ko maƙogwaro 'yan lumen kaɗan yake so, irin 'yar tocilar nan mai kamar biro. Kada a taɓa haska wa mara lafiya lumen 500 a ido. Abin da zai taimake ku shi ne ƙwan da ke nuna launi yadda yake, wanda ake rubuta wa CRI 90 ko fiye, domin gane shawara a ido ko ɗashewar jini a tafin hannu launi ne. Makanike, mai gyaran wuta, da ungozoma a inda babu lantarki, tocilar goshi mai lumen 100 zuwa 300 ta fi muku, hannu biyu suna aiki. Sai dai da damina ƙwari za su taru a fuska, a san da wannan.

Yanzu bari in yi magana da 'yan uwana masu sintiri kai tsaye, don wannan ɓangaren ya fi duk lambobin da na karanto.

Na farko, ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi yana rushe wannan cikin daƙiƙa. Duk sanda ka kunna babban mataki ba dalili, ka makantar da kanka da abokan tafiyarka, in ka kashe kuma duhun ya fi na da. Yi tafiya da ƙaramin haske a ƙasa.

Na biyu, tocila tana nuna maka wani, tana kuma nuna wa wani kai. Wanda yake can cikin duhu yana hango haskenka tun daga nesa, tun kafin kai ka gan shi. In ana zargin masu bindiga ne, tocila ba sulke ba ce. Kashe ta, ku ja da baya, ku kira jami'an tsaro, lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ku kuma riƙe lambar ofishin 'yan sandan yankinku. Aikin ɗan sa-kai ya gani ya sanar. Iyayenku suna jiran ku da safe.

Na uku, kada ku dallare fuskar direba ko mai babur yana tafe. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ka kashe masa ido na daƙiƙa uku, ya yi mita 50 a makance, kuma kai ne a tsaye a gabansa. Haska ƙasa, ko jikinka, ko shingen, ya gan ka ya rage gudu.

Na huɗu, mutunci. Amfanin haske mai kyau shi ne ka tabbatar kafin ka buɗe baki. Kalmar "ɓarawo" in ta fita da tsakar dare ba ta komawa, kuma mun sha jin yadda taron jama'a ya hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. Ka fara haska ƙirji da hannuwa, a nan ne abin da kake son gani yake, hasken gefe zai nuna maka fuska. Ka yi sallama, ka yi tambaya. Dattijon da ke hanyar masallaci, da matar da ta fito da yaro ba lafiya, da leburan da ya taso aiki a makare, ba su cancanci a ƙure musu haske a ido ana musu tsawa ba. Unguwa ce ta saya maka tocilar nan, don ka tsare mutanenta.

Kafin mu rufe, ga yadda za ku gwada a kasuwa, tunda gani ya kori ji. Kada ku yarda da haska bango. Ku shiga wuri mai duhu, ku haska silin, ku dubi yadda ɗakin ya yi haske. Tocilar da ta fi cika ɗakin ita ta fi lumen, komai aka rubuta. Ku bar ta a kunne minti 10 a gaban mai shago, ku ga inda ta tsaya. In jikin ƙarfen ya ɗumama, alama ce zafi yana fita waje yadda ya kamata. Ku buɗe ku ga batirin. Sannan ku sayi guda ɗaya tak, a ba mutum ɗaya ya kwana da ita a bakin aiki, ya rubuta ƙarfe nawa ta fara rauni. In ta kai asuba, a koma a sayo sauran. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Batirin litiyam kuma a kula da shi. Kada a bar shi a rana ko a gaban mota. Kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar ƙarfe, yana iya haɗa wuta ya kama. In rigarsa ta yage, a daina amfani da shi har sai an sake masa wata. Kada a bar shi a caji a kan katifa a tafi barci. Tocila mai ƙarfi in ta kunna kanta a aljihu tana iya ƙona tufafi, saboda haka ka ɗan kwance murfin gindin kaɗan kafin ka ajiye, a yawancin tocilolin ƙarfe wannan yana yanke wutar. Masu amfani da batirin zubarwa kuma, a cire shi in za a daɗe ba a kunna ba, don yana zubar da ruwa ya cinye cikin tocilar.

In za ku riƙe abu kaɗan daga shirin yau, ga shi. Ta aljihu: ƙarama, mai faɗin haske, mai ƙaramin mataki na cikin ɗaki, 50 zuwa 150 na tafiya, 300 zuwa 600 na leƙe. Ta aiki: 300 zuwa 500 da za ta riƙe na awanni, 1,000 zuwa 2,000 na ɗan lokaci, kandela daidai da faɗin wurin, batir mai cirewa da na ajiya. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce, "Haske nawa take riƙewa, kuma na awa nawa?" In ya kasa amsawa, kwalin ma ya kasa, ka gwada da kanka ko ka wuce gaba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Wanda yake da ɗan uwa a cikin 'yan sintiri, ko yake cikin kwamitin tsaron unguwa, ya kai musu wannan bayani kafin a sake tara kuɗi. Allah ya tsare masu kwana a waje domin mu yi barci. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.